Gwaggon Kwalabe da Rijiyar Gidanmu

Duk safiyar da aka tashi ƙasa a jiƙe, kafin ka hango babur ɗinta za ka ji kwalabe suna karo da juna a kwandon da ta ɗaure a baya. Yara ne suka raɗa mata Gwaggon Kwalabe, har manya suka manta cewa malamar gona ce. Takan tsaya bakin rijiya, ta ari guga, ta cika kwalba, ta tsoma wata 'yar siririyar takarda ta jira ko za ta sauya launi. Daga nan sai gona, ta durƙusa ta damƙi ƙasa ta shinshina kamar mai sayen turare. Ƙarshen daminar nan za ta yi ritaya, ni kuma ba zan bari ta sauke kwandon nan ban faɗi abin da ta yi wa gidanmu ba.

Manomanmu suna da wata ɗabi'a. Da hadari ya haɗo sai a ruga gona da buhun taki a watsa, wai ruwa ya narkar ya kai wa saiwa. Yayana ne sarkin wannan gudu, gonarsa kuwa gangarowa take yi har bakin rijiyar da mahaifinmu ya haƙa da hannunsa.

Ta sha gaya masa. "Malam, ƙasar nan cike take da 'yan halittun da ido ba ya gani. Su ke juya taki ya zama abin da shuka za ta sha. To shuka cikinta ƙarami ne. Abin da ta rage, ruwa mai ƙarfi ya yi ƙasa da shi, can inda rijiya ke samun nata. Ga shi kana ƙone karan da za su ci su riƙe maka ragowar."

"Malama, wanda ban gani ba zan ciyar?" in ji Yaya. "Na cikin gida ma da ƙyar."

Ta yi dariya ta hau babur ɗinta.

A daminar da matar Yaya ta haihu, nono bai wadata ba, aka koma madarar gwangwani, ana damawa da tafasasshen ruwan rijiya. Sai leɓɓan jaririyar suka fara yin shuɗi, numfashinta ya koma sama-sama. A asibiti aka tambayi ruwan da take sha, aka aika wa Gwaggo. Na ga takardar nan da idona, tana shiga kwalba ta rine jawur.

"Amma muna tafasawa," in ji matar Yaya.

"'Yata, tafasa ƙwayar cuta take kashewa. Wannan gishirin taki ne, ruwan ke ƙonewa ya bar shi."

Da kanta ta rufe bakin rijiyar da fallen kwano. Yaya ya zauna a gefe ya dafe kai, ya ce, "Rijiyar Baba ce fa."

"Ba mutuwa ta yi ba," ta ce masa. "Jinyarta za mu yi."

Gwaggo, ke ce wadda ba ki taɓa ce masa ai na gaya maka ba, kuma wannan shirun naki shi ya karya masa taurin kai. Ke ce kika riƙa ɗauro jarkar ruwa daga famfon bayan makaranta kina saukewa a ƙofarmu, har aka yaye yarinyar nan. Babu wanda ya sa ki, ba ya cikin aikinki. Uwar rijiyoyi, mai haƙurin dafa dutse.

Ta koya masa sa taki kaɗan-kaɗan a gindin shuka bayan ruwa ya ɗauke, ya bar kara ya ruɓe a gona, ya bar ciyawa ta kewaye rijiya. Yanzu in akuya ta shiga cin karan Yaya, da sanda yake bin ta, wai abincin baƙinsa ne da ido ba ya gani. Ba ta yi masa alkawarin sauri ba. Ta ce abin da ya sauka a hankali, a hankali yake wucewa. Damina ta bi damina, jan takardar yana dusashewa.

Makon jiya ta zo zagayenta na ƙarshe. Jaririyar nan tana tsaye da kayan makaranta a jikinta. Aka tsoma takarda. Ta fito fara yadda ta shiga. Yaya ya janye kwanon, ya zura guga, ya cika kofi ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Ta karɓa ta juya ga yarinyar.

"Zo, 'yar nan. Ruwan kakanki ne, ke ya daɗe yana jira."

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu gona, in hadari ya haɗo bana, ku bar buhun nan a ɗaki. Akwai jariri a ƙarshen igiyar gugan wani.