Farin Fenti a Bangon Ɗakina

"Matsa can, amarya, kina tare mini sabis."

Jikana ne yake faɗa mini haka, yana tsaye a kan gadona, ya ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata. Na ce, "Sauka mini daga gado, mijin banza, wanda ko ƙullin daddawa bai taɓa kawo wa gida ba." Ya yi dariya, bai sauka ba. Wai jikin mutum ruwa ne, ruwa kuma yana shanye sabis, ni da ƙibata na isa in hana rabin unguwar Barkin Sale kallon bidiyo.

Lokacin yana shirin jarrabawa ne. Ya gama makaranta ya zauna ba aiki, sai ya shiga wani aji a Sabon Gari inda ake koya musu haɗa intanet mara waya, irin wanda ake sa wa a otal da asibiti. In ya ci jarrabawar farko za a ba shi satifiket, da shi ake ɗaukar yara aiki. Ɗan 'yata ne, ba uwa ba uba. Ni da shi ne a gidan, sai 'yan haya.

Ya sayo wani ɗan akwati mai ƙahoni, ya ce sunansa rauta. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya same ni a tsakar gida ina tsince wake, ya ce in bai iya yi wa tsohuwa bayani ta gane ba, to shi ma bai gane ba. A bakinsa na ji cewa akwatin nan murya biyu gare shi. Ɗaya tana zuwa nesa, tana ratsa bango, amma tafiyar hawainiya take. Ɗayar tana da gudu, sai dai bango ɗaya ya isa ya tare ta. Na ji kwanon rufi yana mayar da ita baya, tankin ruwa yana cinye ta. In akwatinka da na maƙwabci suna kan layi ɗaya, sai su zama kamar mata a bakin famfo, kowa na magana ba mai jin wata. In ya tambaye ni na amsa daidai, sai ya ce, "Wallahi amarya, ke za ki je ki rubuta mini." In ce, "In na ci ni za a ɗauka aikin, kai ka zauna ka tuƙa mini tuwo."

Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Gidan ya daɗe ba a yi karatu da baki a cikinsa ba.

Da ya gama zagaye gidan da wayarsa, ya ce ɗakina ne ya fi ko'ina sabis, don tagata tana kallon ƙarfen sabis da ke kan tudu, nasa ɗakin kuwa yana bayan tanki. Kuma ɗakina kaɗai ke da ƙofar da take rufuwa ruf. Jarrabawar ba zuwa ake yi ba. A kwamfuta ake rubutawa, wani mutum a wata ƙasa yana kallonka ta kyamara. Ba mai shiga, ba mai magana, ba takarda a tebur, ba rubutu a bango.

"Ba me a bango?"

"Rubutu," in ji shi. Bai kalle ni ba.

To bari in faɗi abin da ke bangon nan.

Uwarsa malamar firamare ce. Bayan mijinta ya rasu ciwon ƙoda ya kama ta, ta dawo gida, ɗaki ɗaya muke kwana. Ni lokacin na tsufa, furfura ta gama da kaina, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Wata safiya ta ce, "Inna, zaman banza zai kashe ni kafin ciwon nan. An raba ni da 'yan ajina, ke zan kama." Ta kawo littafi, idona bai ga komai ba sai tururuwa. Sai ta ɗauko maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta je bango ta zana baƙi ɗaya ya kai tafin hannu. Na ce za ki ɓata mini bango. Ta ce, "Bangon da gizo-gizo ya riga ya gama da shi?"

Daga sama ta fara, don lokacin tana iya tsayuwa. Ta rubuta nata, in rubuta nawa a ƙasa, karkatacce kamar kaza ta yi tono. Da muka wuce baƙaƙe ta koma rubuta mini magana, ta ce ba za ta faɗa mini ba sai na karanta da kaina. Akwai wadda na wuni ina haɗawa, da ƙyar ta fito: Inna ta cika faɗa. Na jefe ta da mafici. Akwai wadda ta ce miyar Inna ba gishiri, alhali likita ne ya hana, ba ni ba. Da ƙafa ta gaza, sai ta koma rubutawa a zaune, rubutun ya sauko tsakiyar bango. Daga baya a kwance take yi, ta miƙa hannu daga gado. Na ƙarshe yana daidai matashin kai, ƙanana, hannu na rawa: Inna ki rage fanka.

Bayan ta rasu, duk safiya in na idar da salla sai in karanta bangon daga sama har ƙasa, don kada karatun ya gudu. Wannan da nake rubutawa yanzu, a jikin bangon nan na koye shi. Yaron ya san duk wannan. A gabansa aka yi.

Na ce masa, "Sai mu rataya zani a kai."

Ya ce a ajinsu an ba su labarin wani da mai gadin jarrabawar ya ce ya ɗaga labule, ya ga rubutu a baya, nan take ya kore shi.

"To ka juya tebur ka ba bangon baya."

"Kusurwa huɗu ake nunawa, Kaka."

"Ka je wurin malaminku ka yi."

Ya ce can bakin titi ne, ga janareta, ga masu niƙa. Kuma shi so yake ya ci jarrabawar a kan abin da ya haɗa da hannunsa. Na ce, "To ka ji ni da kyau. Ba a taɓa bangon nan ina da rai." Ya ce, "To, Kaka." Ni kuwa na ɗauka to ɗin nan to ne.

Ana cikin haka mijin ƙanwata ya rasu a Maikunkele, na tafi zaman makoki. Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji warin. Matar ɗan hayarmu, wadda Hausarta a kasuwa ta tsince ta, tana wanki a bakin rijiya, ta tare ni da fara'a. "Mama, ka dawo? Yaro ya yi maka aiki fa. Daki ya yi kyau kamar na amarya." Ba ta san komai ba, baiwar Allah.

Na tura ƙofa. Fari fat, daga rufi har ƙasa. Ya shafa ya sake shafawa. Ya mayar da gadon inda yake, ya gyara shimfiɗa, ya jera mini kwanukana tsaf, har da share ƙarƙashin gado, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Wannan gyaran ya fi komai ƙona mini rai.

Ya shigo ya tsaya a bayana, akwai sauran fenti a kunnensa.

"Na ɗauki hoto, Kaka. Duka yana nan, ko layi ɗaya ban bari ba."

Ya miƙo mini wayar. Na duba, tururuwa. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, baƙi ɗaya ya cika fuskar wayar, sauran suka ɓace.

Na ce, "Wannan shi ne bango?"

"Zan sa a buga miki a babbar takarda."

"Hannunta zai taɓa takardar?"

Ya karɓe wayarsa. Can ya ce, "Ni ma uwata ce. Kina tsammani da daɗi na shafa? In ban ci wannan abin ba, haka zan yi ta zama ina cin tuwonki har yaushe? Da Mama tana nan, ita za ta riƙe mini bokitin."

Ban ce ƙarya yake ba. Na san 'yata, za ta iya. Amma ita za ta tsaya a gabana ta faɗa mini, mu yi faɗan mu gama. Ba za ta jira in tafi gaisuwar mutuwa ba.

Na ce, "Fita mini."

Da safe, in rana ta shigo ta taga a karkace, nakan matsa kusa in duba ko wani baƙi zai nuna ta ƙarƙashin fentin. Babu. Rannan na ɗauki cokali na kankare daidai matashin kai a hankali. Fentin ya taso, ya taso da rubutun da ɓawon sumunti gaba ɗaya, suka zube a kan gado kamar gari. Na bari. Wurin yana nan har yau, kamar tabon ƙuna.

Ya yi ƙoƙarin mu koma yadda muke. Bayan la'asar ya zo da littafinsa, "Amarya, zo in tambaye ki, wace murya ce take ratsa bango?" Na ce, "Ba ka da amarya a gidan nan. Je ka tambayi bokitin fenti." Ya koma karatu shi kaɗai a bayan tanki, ina jin sa yana ƙunƙuni da Turanci, yana yin jarrabawar gwaji a waya, in ya faɗi ya yi tsaki. Abinci ban hana shi ba. Addu'a ma ban hana shi ba, jikana ne. Amma wasa ya ƙare.

Kafin ranar ta zo damina ta kankama. Ya roƙe ni in zame masa mai gadin ƙofa, na yarda, don in bai ci ba, bangon ya tafi a banza. Na bi ɗakunan 'yan haya na ja kunne: ba rediyo, ba daka, kowa ya riƙe ɗansa. Na sa aka kai akuya bayan gida aka ɗaure. Ya fitar da gadona tsakar gida aka rufe da leda, ya sa tebur da kujera a tsakiyar ɗakin, ya ɗora akwatin mai ƙahoni a taga.

Tun da gari ya waye ake ruwa, irin mai iska. Wuta ta ɗauke, wannan bai dame shi ba, ya yi caji. Ina zaune a baranda a kan kujerar tsugunno, ya buɗe ƙofa ya fito fuska a murtuke. Kafin a bari mutum ya fara, sai kwamfuta ta gwada ƙarfin sabis ɗinsa. Tasa ta gwada ta ƙi. Ya ɗaga akwatin sama, ya sauke, ya juya ƙahonin, ya buɗe taga har ruwa ya feso a kan tebur. Ta sake ƙi. Ko ruwan ne, ko can ƙarfen kan tudu ne ya sami matsala, ni ban sani ba. Da rani ya yi awonsa, ranar kuwa ba rani ba ce.

Ya kira malaminsu a waya. Na ji yana cewa, "To, yallaɓai. Ga ni nan, yallaɓai." Ya naɗe kwamfutar a leda ya cusa cikin riga, ya fita da gudu neman keke mai ƙafa uku, ko sallama bai yi mini ba.

Na leƙa ɗakin. Tebur, kujera, farin bango. Na kira matar ɗan haya ta kama mini muka mayar da gadon, katifar ta jiƙe ta gefe ɗaya.

Bayan azahar ya dawo, ruwa ya tsaya. Tun daga zaure yake kira, "Amarya, ina amaryata? Fito ki ga mijinki injiniya." Yara suka bi shi suna tsalle. Ya durƙusa a gabana yana nuna mini waya, wai ga shi an rubuta ya ci.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka. Allah ya ba da aikin."

"Amin, Kaka. Amin."

"A ina ka rubuta?"

"A ajinmu. Malam ya kori kowa ya kulle ƙofa, ya je ya roƙi mai niƙa ya dakata."

"Ajin naku ba rubutu a bango?"

Dariyar ta tsaya a bakinsa. Ya duba wayar, ya kashe ta, ya sa a aljihu.

"Akwai allo," in ji shi. "Da zane-zanen da malam ya manna."

"Aka yi yaya da su?"

"Ba lokacin cirewa. Malam ya ari zani a wurin mai sayar da abinci ya rufe."

"Mai gadin jarrabawar ya ce a ɗaga?"

"Bai ce ba."

Na tashi na ɗauko masa kwanon abincinsa na ajiye a gabansa, na shiga ɗaki na tura ƙofa.