Ranar da aka shafe abin da na haddace

A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo kwamfuta sakatariyarmu ta Illela, aka dire ta a teburina don ni ke buga tafireta. Ban roƙa ba. Sakatare ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in na iya ta, kujerata ta tsaya, in na kasa, akwai samari a Sakkwato da ke jira, ni kuma a tura ni can ƙauyen Lafani. Ga mahaifina idonsa ya fara rauni, ba ni da wanda zan bar wa shi.

Ni ɗan gidan malamai ne, hanyar koyo ɗaya na sani, hadda. Fuskar na'urar baƙa ce wuluk, sai wani ɗan ɗigo kore da ke ƙyafta ido yana jiran umarni. Na haddace umarnin nan kaf, ba tare da na san dalilin ko ɗaya ba. Yatsuna suka iya, kaina bai sani ba. Duk da haka na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, har masinjanmu na kirana injiniya.

Sai labari ya zo cewa tsarin da ke tafiyar da na'urar ya tsufa, an yi sabo. Masu dawowa daga Sakkwato suka ce ofisoshin can sun rabu biyu. Wasu sun karɓa suna yabo, wasu sun ce nauyi gare shi, yana cinye cikin na'ura, sun koma wa tsohon. Wani abokina da ke aiki a Konni ta Nijar ya ce su har yanzu tsohon suke ja da Faransanci, ba wanda ya taɓa musu. Wallahi na yi masa hassada. Abinci ya daina yi mini daɗi, in na ji ƙarar mota a ƙofar ofis sai in ɗauka masu kawo sabon ne suka iso.

Ranar da wani mai gyaran kwamfuta ya iso da faya-fayansa, ya ce shafe tsohon zai yi ya zuba sabo.

Na ce, “Malam, ba a bari sai na iya sabon?”

Ya yi dariya. A gidanmu ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu, amma shi ko tambayata bai yi ba. Ina kallo ya shafe.

Sabon ya fito da akwatuna jere, ana zaɓa da kibiya. Sakatare na tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na ɗora yatsu in buga abin da na sani, na rasa inda zan buga shi. Mai gyaran ya kama hannuna ya ɗora a kan maɓallin kibiyar, sai ga aiki ya buɗe. Sauƙinsa ya fi komai tsorata ni, don ko masinja ya zauna zai iya. Da zai tafi ya ce kada in saba da wannan ɗin ma, wani na nan tafe.

Bayan la'asar na tarar da mahaifina a zaure yana karantar da littafin da mahaifinsa ya karantar da shi, ko buɗewa ba ya yi. Da ɗalibai suka watse ya ce, “Mi as same ka?”

Na ba shi labari. Ya ce, “To wanga da ka haddace hwa, ina shi ke?”

“An shafe shi, Baba.”

“Wa za ka biya ma shi?”

Na dubi littafin nan da ya riƙe shi har tsufa, na tuna shekarun da suka rage mini kafin ritaya, da yawan shafewar da ke cikinsu.