Maganar da Na Sa a Bakin Malam Lawal

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Malam Lawal makwancinsa a Sabuwa, kuma ban taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba. Ni kuwa a wannan shafi na yi ta'aziyyar mutanen da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Duk shekara sai in ce baɗi. Bana gwiwoyi sun fara gardama, ido ya soma ja da baya, na ga in na ƙara cewa baɗi, ƙila wani ne zai yi rubutun, kuma a kaina. Ba lalaci ne ya hana ni ba. Akwai wata magana tsakanina da shi wadda ba zan iya yabonsa in tsallake ta ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin faɗarta ba.

Malam Lawal mutumin Mabai ne, ta ƙasar Ƙanƙara. Shi ne malamin wasanni a kwalejin horon malamai inda aka fara tura ni koyarwa, a shekarun da kuɗin mai ya soma ambaliya. Na zo daga Faskari da akwati ɗaya da fitila. Ya girme ni da shekara goma, gidajenmu kuma jere suke. Wata uku a gidansa nake cin tuwo kafin in ɗauko iyalina. Shi ya koya mini yadda ake tsayawa gaban ɗaliban da wasunsu sun girme ni, don a lokacin ana gaggawar samar da malamai, har masu mata da 'ya'ya ake ɗauka.

Wanda bai ga waɗancan shekaru ba da wuya ya yarda. Ƙarin albashi ya sauka, malamin da jiya yake facin tayar keke ya wayi gari da babur. Ɗalibai na cin ƙwai da safe, suna ture madarar gwangwani wai ta gundure su. Manoman auduga suka fara barin gona suna bin 'yan kwangila. Kaya na zuwa makaranta a manyan motoci, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya san me za a yi da rabinsu. Malam Lawal bai sayi babur ba. Ya ce kekensa bai yi masa laifin komai ba.

Da keken nan yake aikin da na fi tuna shi da shi. Mako biyu kafin wasan ƙwallon da ke buɗe kakar wasanni, sai ya nemi izini ya tafi garin abokan karawarmu. In da nisa, ya ɗora keken a bayan motar kasuwa, ya sauka a mararraba ya ƙarasa a kansa. Ya zauna bakin filinsu cikin 'yan kallo kamar mai jiran sayen gyaɗa, ya ga atisayensu, ya dawo. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ya tara 'yan wasanmu gindin tsamiya, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara ya zana fili. Ga golansu, dogo ne amma yana tsoron ƙwallon ƙasa. Ga mai lamba biyar, ba ya iya juyawa ta hagu. Ga inda za su ci mu in muka yi barci. Bai taɓa ce musu za su yi nasara ba in bai ga alamarta ba. Ni kuma aikina in zauna gefe da alƙalami, in mayar da bayanin rubutu, a manna a jaridar bango ta kwaleji ranar Juma'a. Ɗalibai kan yi cincirindo a gaban allon, na gaba na karanta wa na baya.

An ce mini Asabar mai zuwa kwalejin za ta buɗe kakar bana. Na tambayi wani malami da ke koyarwa can da wa za su kara, ya ce sai ya bincika. Amma a tsaye ya jero mini 'yan wasan wata ƙungiya ta Turai, har da na benci, har da wanda ya ji ciwo a cinya. Ban ga laifinsa ba, zamani riga ne. Hanyar da Malam Lawal ke bi shi kaɗai da keke, ya ratsa Yargoje ya yi gaba, yau mai mota ma sai ya yi tambaya ya yi addu'a kafin ya hau ta. Wa zai je leƙen atisayen wani gari? Da yana raye ban san me zai ce ba. Ina jin zai tambaya ko an share filin, ko an ja layi da toka, ya ƙyale sauran.

A shekarar da abin ya faru, wata mota ta sauke mana akwatuna biyu na takalman ƙwallo daga ƙasar waje, baƙaƙe, masu ƙusoshi a ƙasa. 'Yan wasanmu 'ya'yan manoma ne. Yawancinsu ba takalmi suke buga ƙwallo, kaɗan ke da kambas. Ƙafafu faffaɗa, dugadugai kuwa ƙaya ma sai ta yi shawara kafin ta shiga. Malam Lawal ya yi murna da takalman, kada a ce bai yi ba. Ya ce a raba su a ranar, a shafe su da man shanu, yaran su yi ta yawo da su mako biyu, su yi atisaye a ciki, fata ta saki, ƙafa ta saba.

Firinsifal ya ƙi. Ba mugun mutum ba ne, shi ma Allah ya jiƙansa. Manyan baƙi za su zo daga hedikwata su buɗe wasan, yana so su ga kayan da suka aiko suna ƙyalli. A wurinsa, kamar a wurin yawancinmu, sabon abu ranar taro ake fito da shi. Ya ce wa ya taɓa sa kayan salla kafin ranar salla? Malam Lawal ya ce, ranka ya daɗe, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ina tsaye a ofishin aka yi wannan magana, na shigo karɓar alli. Firinsifal ya sa aka kulle akwatunan a sito, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Ranar Alhamis aka zauna gindin tsamiya kamar kullum. Bayan yaran sun watse, Malam Lawal ya ce da ni, "Malam Kabiru, rubuta abin da na hwaɗi kan abokan karawarmu. Zancen takalmi kuwa bar shi, kar yara su karaya. Amma in aka sa masu su ranar Asabar, wallahi za a ci mu tun ba a tahi hutu ba."

Da na bar shi kamar yadda ya ce, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma a makon ne na ji sunana na cikin malamai uku da firinsifal zai zaɓi ɗaya a tura ƙaro ilimi. Ina so in burge shi. Na rubuta bayanin wasan, na kai ƙarshe na ga bai yi armashi ba, sai na ƙara layi biyu. Na ce malamin wasanni ya tabbatar mana cewa da waɗannan sababbin takalma babu ƙungiyar da za ta tsaya gabanmu. A lokacin ban ɗauke shi ƙarya ba, na ɗauke shi ƙarin gishiri. Malam Lawal ya karanta a bango ranar Juma'a, ya dube ni, ya ce alƙalamina ya fi bakinsa zaƙi, ya wuce masallaci.

Ranar Asabar bayan azahar aka buɗe sito. Ba wanda ya auna ƙafar kowa. Wanda nasa ya shige ya gode Allah, wanda bai shige ba ya tura da ƙarfi. Da suka jeru a fili sun yi kyau, gaskiya, baƙi har da tafi. Ba a jima da farawa ba suka soma tafiya kamar masu taka garwashi. Sada, ɗan wasanmu daga Ruwan Godiya, wanda duk yankin ake tsoron ƙafarsa ta hagu, ya samu ƙwallo daga shi sai gola, ya harba ta cikin gonar dawa. Kafin hutu an zura mana uku. Da Sada ya zauna ya zare takalmi, safarsa ta manne wa diddigensa da jini.

Malam Lawal bai dubi rumfar baƙi ba. Ya ce kowa ya cire. Yaran suka tara takalman tsibi guda a bakin fili, daidai gaban kujerun manya, don nan inuwa take, suka koma ba takalmi. Ba a ƙara cin mu ba, mun rama ɗaya, aka tashi uku da ɗaya. Ba wani abin al'ajabi da ya faru. Amma babban baƙon ya tashi tun ba a ƙare ba, kuma an ji yana tambaya ko haka ake wulaƙanta kayan gwamnati a nan.

Bayan kwana goma kwamitin bincike ya zauna. Malam Lawal ya ce ya yi gargaɗi tun farko. Firinsifal ya ce shi bai tuna ba, ya zaro takardar da aka ɓamɓaro daga bango ya ajiye a tebur. Aka kira ni. Shugaban kwamitin ya karanta layukan nan biyu, ya ce, "Malam, wannan magana daga bakinsa ka ji ta?" Malam Lawal na zaune gefen taga, hannuwansa a kan gwiwa. Firinsifal na kallona. Na ce, e.

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi. Kwamiti ya rubuta cewa mutumin da ya yabi takalma ranar Juma'a ya zubar da su ranar Asabar, da gangan ya yi don ya kunyata shugabansa. Aka mayar da shi wata firamare a ƙasar Sabuwa, ni kuma aka tura ni ƙaro ilimi. Duk abin da na zama bayan nan, muƙami da gida da wannan shafi da kuke karantawa, ta ƙofar nan ya shigo. Ranar da zai tashi na taya shi ɗaure kaya a mota. Ya bar mini randarsa, ya ce ba za ta kai Sabuwa lafiya ba.

Can ya zauna har ya yi ritaya, bai sake horar da ƙungiyar kwaleji ba. Ya koyar da lissafi, ya yi noma, ya aurar da 'ya'yansa. Ban yanke zumunci ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya. Nakan je suna, nakan je ta'aziyya, mu zauna a zaure mu yi zancen damina da tsadar taki. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni kuma na sami kawaicinsa na kwanta a kai.

Muna da wata kyakkyawar al'ada wadda na ɓuya a bayanta. In mutum zai yi doguwar tafiya, ko ciwo ya yi tsanani, sai a ce a yafi juna, abin da aka yi da sani da wanda aka yi cikin rashin sani. Magana ɗaya ta share komai, ba sai an kira laifi da sunansa ba. Da zan tafi aikin hajji na je na faɗa masa ita, ya ce ya yafe. Da ya kwanta ciwon ajali na sake zuwa. Na same shi ya rame ƙwarai, yana jingine da bango a kan tabarma. Na durƙusa na ce, "Malam, a yahe mani duk abin da na yi maka, da sani ko ba da sani ba."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Na yahe, Malam Kabiru. Wanne daga ciki?"

Na yi dariya kamar wasa yake yi. Shi bai yi ba. Ya jira ni, ina jin numfashinsa, har maiɗakinsa ta yi sallama da kunu, na sami hanyar miƙewa. Bayan kwana shida aka aiko mini ya rasu.

To me ya rage na Malam Lawal? Ba kofi, ba hoto a ofis. 'Yan wasansa sun zama hedimastoci sun yi ritaya, da yawa sun bi shi. Sada na nan a Ruwan Godiya ya tsufa, in muka haɗu yakan ce Malam ne mutum na farko da ya ga ya fifita ƙafar ɗan talaka a kan ɓacin ran manya. Irin wannan ne ya rage, a bakin tsofaffi ƙalilan, kuma kowace shekara muna raguwa. A takardun hukuma kuwa, in ba gara ta cinye su ba, har yau shi mutum ne da ya faɗi magana ya saɓa mata. Cikin waɗanda suka shiga ɗakin kwamitin nan ni kaɗai na rage, kuma na gaji da ɗaukar abin.

Ga amsar tambayarka, Malam, a makare. Ba ka faɗi maganar nan ba. Ni na ƙirƙire ta na sa a bakinka, aka tambaye ni a gabanka na ce ka faɗa. Ka yi gargaɗi, ina tsaye na ji da kunnena. 'Ya'yanka da jikokinka su yanke wannan shafi su ajiye, duk wanda ya tambaye su dalilin da ya kai kakansu Sabuwa su nuna masa. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Wannan ne, Malam. Duk sau biyun da na nemi ka yafe mini, shi nake nufi.