Dafaffen Ƙwai a Aljihun Jikana

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna ke kai ni kasuwar Jega ba sanda, Allah ya ba ni wani jika wanda bai san zama ba. Maigidana nake ce masa, irin wasan kaka da jika, amma maigidan nan ko gaisuwa ba ya ƙarasawa. A aike shi ɗebo ruwa, sai a tsince shi bayan gida yana bin fara, guga na can cikin rijiya. An yi faɗa, an yi bulala, an wanke rubutu ya sha. Shiru.

Malaminsu na boko ya aiko cewa yaron ya hana aji karatu. Ubansa, wato ɗana, ya same ni ya ce, "Inna, na gaji. Da an kwashe albasa zan hidda shi makaranta, shi bi ni gona."

Yaron ya ji. Ya zo ya raɓe jikina ya ce, "Kaka, wallahi ina son in zamna. Jikina na ba ya yarda."

Maganar nan ita ta kai mu asibiti a Jega. Likitar mace ce, ta daɗe tana tambaya, har sai da ta nemi jin ta bakin malaminsa. Da muka koma ta ce, "Inna, ba ƙiriniya ba ce, ba kuma iska ba. Lalura ce ta rashin tsayar da hankali wuri ɗaya. Abinci ba ya warkar da ita, amma yunwa na ƙara mata ƙarfi. Me yake ci da safe?"

Na gyara lulluɓi na ce, "Ɗiyata, gidanmu ba a tashi da yunwa."

Ta ce in dai je in duba.

Na kuwa duba. A gidanmu yara kwano ɗaya suke ci. Aka aje ɗumame, suka kewaye shi. Maigidana ya kai loma, ya sake kaiwa, sai kaza ta wuce da 'yan tsakinta. Ya bi su. Kafin ya dawo an suɗe kwano. Bai yi kuka ba, ya ma manta bai ci ba. Ya saɓa jaka ya fita, a hanya ya cika ciki da alawa. Ashe haka yake zuwa makaranta kullum, mu kuma muna ganin kwano fes muna hamdala.

Da na koma na faɗa mata, likita ta ce kafin ya fita a ba shi ƙwai, wake, nono ko gyaɗa, a rage masa zaƙi, a kuma riƙa kawo shi tana dubawa. Da na gaya wa uwarsa, ta dafe ƙirji. "Inna, ƙwai? Ba ku kunka ce yaron da ka cin ƙwai ɓarawo shika zama ba?"

Na ce, "Mu munka hwaɗi, mu kuma munka janye."

Ni da ban san ɗanɗanon ƙwai ba sai a ɗakin aure, sai ga ni kullum ina dafa na kajina. Na lura in na ce ya zauna, ba a ci. Sai na bar tilas. In miƙa masa kofin nono ya shanye a tsaye, in zura ƙwai da ƙuli-ƙuli a aljihunsa, ya tafi yana ɓarewa. Maƙwabta suka ce na lalata yaro, na koya masa ci a tsaye kamar akuya. Na bar su da bakinsu.

Bai zama wani yaro dabam ba. Amma malamin ya matso da shi gaban allo, ya ce yanzu yakan kai tsakiyar darasi kafin hankalinsa ya tashi, kuma fushin da yake yi da hantsi ya ragu.

Aka kwashe albasa. Na zuba wa ɗana ido. Ranar da ya dawo daga kasuwar Aliero ya dire kwano cike da ƙwai a ƙofar ɗakina, ya ce, "Inna, kajinki sun yi kaɗan." Bai sake ta da maganar gona ba.

Yau jikana ya zama saurayi, yana nan yana karatunsa. In ya zo gaishe ni, a tsaye yake cin tuwo, ban kuma taɓa ce masa ya zauna ba. Ni dai har gobe in an aje wa yara abinci, ba kwanon nake kallo ba. Hannuwan nake kallo, in ga na wa ya fita da wuri.