Kujerar Aro a Ɗakin Iya Sikira

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'yan'uwana suna nan da rai, kuma kunyar da na jawo musu ta isa. Ku dai sani ni ɗan malami ne, haifaffen Fagge. Na sauke Alƙur'ani, na yi elemantare, na iya boko da ajami, ina kuma jin Yarbanci domin da 'ya'yan Yarbawa muka tashi. A zamanin nan da ake ta surutun mulkin kai, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ji yake ya fi kowa. Ni ma haka na ɗauki kaina, har tafiyata ta canza.

Lokacin mutane na ta kwararowa Kano saboda gyaɗa da jirgin ƙasa, ɗakin haya ya yi tsada a Fagge da Sabon Gari. Sai wasu attajirai, Hausawa da Yarbawa, suka haɗa kai suka kafa asusun taimakon marasa ƙarfi: matan da mazansu suka rasu, tsofaffi, da leburorin da ciwo ya kayar. Wanda sunansa ya shiga littafi, asusu zai riƙa biyan rabin kuɗin ɗakinsa kowane wata. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Mudi, aminin mahaifina, kuma shi ya ɗauke ni akawu. Aikina in shiga ɗaki-ɗaki in ga halin da mutane suke ciki in rubuta, su kuma manya su zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci su ce wane ya shiga, wane ya fita. Ranar da Alhaji ya miƙa mini littafin ya ce, "Mu ba ma shiga ɗakunan nan, kai ne idonmu. Ka ji tsoron Allah." Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Watannin farko na riƙe gaskiya. A nan na lura da wani hali na mutanenmu: ba sa son a ga talaucinsu. Da sun ji akawu zai zo, sai a share ɗaki, a aro darduma a gidan wane, a aro fitila a gidan wance. Ni zuwa nake in ga rashi, su kuma duk dabararsu ta ɓoye shi ce. Abin bai ba ni mamaki ba, domin mahaifiyata ma haka take yi in za mu yi baƙi. Nakan yi dariya in ce wa mai ɗakin, "Inna, mayar musu da kayansu, ni ba aure na zo nema ba." Sai in rubuta gaskiyar abin da na sani. Ku riƙe wannan da kyau, don kada wani ya ce rashin sani ne ya kai ni ga abin da na yi daga baya.

Masu gidajen haya su suka fara ja na. In na kai musu kuɗin asusu sai a ce, "Akawu, ga na goro." Da farko ina ƙi, daga baya na ga ƙin goro rashin ladabi ne. Daga goro aka koma hula, daga hula aka koma yadin shadda. Wanda ya ba ni, sai in fara kai masa nasa kafin na kowa. Ban ɗauke shi sata ba. Na sayi keke sabo fil, ina kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya.

Ana nan sai wani mai gidaje a Sabon Gari, Malam Iro, ya ja ni gefe. Yana so in sa ƙanin matarsa a littafi, ƙato mai lafiya da ke da rumfa a kasuwa, su riƙa raba abin da ya fito. Na ce gurbi ya cika, ba a shigar da wani sai wani ya fita. Ya ce, "To, fitar da wani mana. Kai da alƙalami yake hannunka?" Ya cusa mini abin da ya fi albashina na wata uku. Na koma gida na buɗe littafi ina neman wanda ba shi da mai tsaya masa, idona ya faɗa kan sunan Iya Sikira.

Iya Sikira Bayarabiya ce, amma a Fagge ta girma. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari, ya bar ta da mahaifiyarsa, tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki. Ba su haihu ba. Da ta so da ta koma wurin danginta, amma ta ce ba za ta bar uwar mijinta a hannun duniya ba. Alale take sayarwa a bakin titi, da shi suke ci, asusu kuma yana riƙe musu ɗaki ɗaya.

Na aika mata cewa ina zuwa ranar Talata. Da gangan na ba ta kwana uku, don ta sami lokacin shiri. Da na isa na tarar da abin da na zata: labule sabo a ƙofa, fitilar ƙwai a kan taga, kwanonin samira a jere, ga kujerar katako mai matashi a tsakiyar ɗaki. Tsohuwa na kwance a gefe, an lulluɓa mata zane mai kyau.

"Sannu da zuwa, Malam Akawu," in ji Iya. "Zauna a nan, kada ka ɓata rigarka."

Ta kawo mini shinkafa da kaza. Na ci na ƙoshi, har na tauna ƙashi. Na sani sarai matar nan ta yi wata ba ta ga nama ba. Da na wanke hannu sai na buɗe littafi na ce, "Iya, duk kayan nan naki ne?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta dubi surukarta, ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, asiri a rufe." Na san ba za ta iya faɗin wani abu ban da wannan ba, shi ya sa na tambaya.

Ranar Juma'a na karanta wa kwamiti: kujera mai matashi, fitila, samira goma sha biyu, kuma tana ba baƙo kaza. Wani a cikinsu ya ce, "Kaza? Ni kaina yau tuwo na ci da miyar kuka!" Aka bushe da dariya, aka soke sunanta. Ko ɗaya a cikin manyan nan bai ce bari in je in gani ba. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake, ko da yake na san ni na kunna ta.

Bayan wata uku, tsakiyar damina, na biyo ta layinsu a kan kekena, na ga an fito musu da kaya. Tabarma ce, da tukunya biyu, da murhu, da wani tsohon akwati. Babu kujera, babu fitila, babu samira ko ɗaya. An kwantar da tsohuwa a gindin katanga, an kare ta da zana. Na so in wuce, amma Iya ta hango ni, ta taho da sauri.

"Malam Akawu, ko kuskure aka yi? Don Allah duba mana littafin nan."

Na ce, "Iya, ba ni nake yankewa ba, manya ne."

Ta ce, "Haka ne. Na san ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya saka da alheri."

Na taka kekena na tafi. Daga ranar sai abin ya zame mini jiki, na ƙara soke wasu na sayar da gurabensu. Na ji labarin wata maƙwabciya ta ba su Iya madafinta su raɓa, wurin yana yoyo, sanyi ya kama tsohuwa, ta rasu kafin damina ta ƙare. Ban je gaisuwa ba.

Asirina a hannun wani wanzami, maƙwabcin Iya Sikira, ya tonu. Yana yi wa Alhaji Mudi aski suna hira, sai ya ce, "Alhaji, kujerata ma ta yi arziki, akawunku ya zauna a kanta. Iya Sikira ta are ta ranar da ya je. Kazar ma ta matata ce, har yau ba a gama biya ba." An ce Alhaji ya miƙe da rabin aski a kansa. Washegari ya ɗauki littafin ya bi ɗaki-ɗaki da ƙafarsa, abin da ya kamata ya yi tun farko. 'Yan doka suka kama ni a ƙofar gidanmu, mahaifina yana zaure yana ba da karatu.

A gaban alƙali Malam Iro ya rantse goro kawai ya ba ni, aka sallame shi, kuma har ya mutu gidajensa ƙaruwa suke yi. Ni aka ɗaure ni shekara biyu. Attajirai suka ce tun da abin ya zama haka a rufe asusun, sai ga shi na cuci har waɗanda ban taɓa sunansu ba. A gidan yari ni mai farar shadda na ɗauki bokitin bahaya a ka, gandiroba yana bi na yana cewa, "Akawu, rubuta wannan ma." Masu ba ni goro babu wanda ya leƙo. Mahaifina ya daina fita ba da karatu, kuma ina ciki aka zo aka ce mini ya rasu.

Da aka sake ni, kafin in nemi aiki sai da na nemi Iya Sikira. Na same ta a unguwar Kwaciri, a wata 'yar rumfa bayan gidan mutane, ta rame, tana ƙulla alale. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni. Ta ce, "Malam Akawu! Ashe an sake ka. Tsaya, ina zuwa." Ta fita da sauri. Ta bayan zana na ji muryarta tana cewa, "Maƙwabciya, ara mini kujerarki, na yi baƙo."

Ta dawo da kujera ta same ni zaune a ƙasa ina kuka. Na faɗa mata komai, har da cewa na san kayan aro ne tun kafin in shiga ɗakin, na roƙe ta ta yafe mini. Ta ajiye kujerar. Ta ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Amma na tsohuwa ba ni da iko da shi. Ita ce ta kwana a ruwa, sai kun haɗu."

Na tuba, kuma ina fatan Allah ya karɓa. Tun daga nan dako nake yi da gadi, ban sake riƙe littafin kowa ba. Ku yara masu tasowa, da yawanku za ku riƙe alƙalami a kan abincin wasu da makwancinsu. Kada ku karɓi goron farko, don ni daga shi na fara. In talaka ya share ɗaki ya yi aro don ya karrama ku, ku kau da kai daga kayan, ku rubuta abin da kuka sani. Ni yanzu na tsufa, na kusa tafiya inda tsohuwar nan take, kuma har yau ban san abin da zan ce mata ba.