Simintin da na shafa wa zauren Baba

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Audu Magini na Kafin Maiyaƙi, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa rubutu a kansa ba sai yau, kuma ba abin faɗa na rasa ba. Kunya ce ta hana ni.

Baba bai san zane a takarda ba. Da ƙafa yake auna fili, ya shata da sanda, sai ka ga ɗaki ya tashi. Daga Dangora har Burumburum, duk mai son zaure mai bakan gizo, rufin nan mai lanƙwasa da ake ɗaurawa da azara, shi ake aika wa. Ni ne ɗan farinsa, ko sunana ba ya kamawa, "ɗan boko" yake ce mini. Ana saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai aka ɗauke ni karatun zanen gine-gine a Zariya. Na dawo hutu kaina ya kumbura, duk abin da ba siminti ba ƙauyanci ne a wurina.

Na tarar ya gama wa wani malami babban zauren karatu a Dangora, saura a shafe rufin da makuba, shafen nan na ɓawon ɗorawa, don kare shi daga ruwa. Na ce makuba wahala ce, kullum sai an sake, siminti kuwa sau ɗaya ne an huta. A gaban malamin na faɗa, har da ɗan Turancina. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ginin ƙasa ba ya son a toshe masa hanci. Amma kai ka yi karatu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba zai ja da ɗan fari a gaban mutane ba. Da hannuna na shafa simintin, ina ta jin kaina.

A damina ta biyu simintin ya tsage. Ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe, azara ta ruɓe. Zauren ya rufta wata Alhamis da hantsi, Allah ya taimaka ba a karatu ranar. Sai gari ya ɗauka: gini har da siminti amma ya faɗi, lallai hannun Audu ya mutu. Aka daina aika masa. Inna ta ce ta roƙe shi ya faɗi gaskiya, ya ce, "Ku bar yaron nan ya gama karatunsa." Bai ƙara ɗora tubali ba. Ya koma gona, bai cika shekara biyu ba ya rasu.

Wallahi ranar da na ga ɓaraguzan na gane simintina ne ya kayar da shi. Na yi shiru, na gama karatuna, na yi shekara talatin ana ce mini gwani.

Yanzu 'yata Bilkisu tana digiri na biyu a kan ginin ƙasa. Tana bin ƙauyuka da awo da littafi, ta samo zaure uku na kakanta a tsaye, masu su na shafa musu makuba har yau. Da Baba zai ga manyan malaman jami'a suna neman abin da ya sani da tafin ƙafa, na san murmushi kawai zai yi ya kau da kai. Rannan ta karanta mini babin da ta rubuta kan yadda siminti ke kashe bangon ƙasa, ta ce, "Abba, ashe su Kaka sun san wannan tuntuni?" Na ce sun sani. Na tashi na shiga ɗaki.

Abin da ya rage na Baba ke nan, zaure uku da jika mai auna su. Sunansa ne bai dawo ba, kuma yawancin waɗanda suka ɓata sunan sun bi shi lahira. Ga 'ya'yansu, mutanen Dangora da Kafin Maiyaƙi, ku ji daga bakina: hannun Audu Magini bai mutu ba. Ni na kayar da zauren nan, yana tsaye yana kallona ya ƙyale ni. Baba, ka yafe mini.