Injin Wankin Marigayi Baba Sale

Wallahi labarin da zan ba ku ba ƙirƙira ba ce, ni ya faru da ni, da rana tsaka ma, shekara huɗu ke nan a unguwar Sauka Kahuta. Lokacin na bar gyaran waya, na bar acaɓa, makaranta kuwa tun aji uku muka raba gari, ina zaune gidan Gwaggona Lami ina cin tuwon banza.

Ɗanta da ke Abuja ya aiko musu da wani injin wanki, kai jama'a, ban taɓa ganin tarkace mai girman kai irinsa ba. Wanki fa kawai! Amma sai ya tambaye ka yadin mene ne, datti nawa ne, ya nemi intanet, ya ce zai sabunta kansa ka jira, ƙarshe kuma ba zai juya ba sai an danna amincewa a wayar mai gida, wato Baba Sale mijin Gwaggo. Tir. Bokiti bai taɓa tambayata lambar sirri ba.

To Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ranar addu'ar arba'in Gwaggo ta tara min rigunansa, za a bayar sadaka bayan la'asar, mutane har daga Wushishi suna hanya. Ta ce, "Kai ɗan nema, da hannu ake wanke kayan mamaci, kuma kar ka haɗa da na mai rai, ka ji ko?" Na ce na ji. Tana shiga kicin na ɗura su a inji, har da rigata mai tabon manja, na ce a yi ta gaba ɗaya.

Ƙofa ta ce ƙaras, ta kulle. Allon injin ya rubuto wai ana jiran mai gida.

Na ja, na daka, na zare wuta na mayar, na zage shi tas, ko gezau. Azahar ta wuce. Gwaggo ta fito ta ga rigunan mijinta ta gilashi, ta ce, "Amma kai dai an yi ragon banza. Me zan miƙa wa mutane, injin?" Wayar Baba kuwa tun a asibiti ta faɗi ta mutu, sim ɗin na cikin faranti a kan talabijin, ina ganinsa da idona, datar gidan ma ta ƙare tun sati biyu.

Muna tsaye sai muka ji ƙit. Allo ya rubuto: mai gida ya amince. Ruwa ya fara zuba.

Injin ya yi ta juyawa har ya gama. Da ƙofar ta buɗe na ciro kayan Baba jiƙe sharkaf, fes, suna ƙamshi. A tsakiyarsu ga rigata, na rantse da Allah, a bushe ƙamas, manjanta na nan inda yake.

Gwaggo ta dube ta, ta ce a hankali, "Malam bai taɓa yarda a haɗa masa wanki da na kowa ba." Ta kwashe nasa ta shanya, suka bushe kafin baƙi su taru.

Na kira ɗanta, ya rantse bai taɓa komai ba. Rigar tana ƙasan jakata har yau, na kasa sawa, na kasa yarwa.

Ni dai shawarata, duk na'urar da sai ta nemi izinin wani kafin ta yi aiki, ku bar ta a shago, don ba ku san wa zai amsa mata ba. In tsohuwa kuma ta ce da hannu, ku nemi bokiti.